Yadda Na Zama Mai Awon Matattu

Na ji labari, ba kuwa a bakin baƙo ba, cewa ɗayanku ya yi cacar baki a ƙofar masallacin unguwa don wani dattijo ya ce masa, "Ashe kai ɗan Mai Awon Matattu ne." Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa. Abin da nake so ku sani shi ne dattijon bai zage ni ba. Sunana ke nan a Harra ta Gabas, unguwarmu ta nan Madina. In baƙo ya shigo ya ce gidan Garba Bayawuri yake nema, sai a yi ta kallonsa, amma da ya ce Mai Awon Matattu, ko mai kantin bakin layi zai fito ya nuna masa ƙofa. Na fi son sunan nan da duk wanda aka taɓa kirana da shi. Tunda gwiwoyina sun fara ƙin hawa bene, gara in rubuta muku asalinsa da hannuna, kafin mamarku ta ba ku nata labarin, wanda a cikinsa ita ba ta da laifi ko na anini.

Ni ɗan ruwa ne tun asali. Mahaifina kwale-kwale yake tuƙawa a Yawuri, yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa ranar kasuwa. Bai taɓa ɗora buhu a sikeli ba. In ana yi masa lodi sai ya tsuguna a gefe, ya sa hannu tsakanin ruwa da bakin jirgi, da ya ga abin da ya rage bai wuce faɗin tafinsa ba sai ya ce, "Ya ƙoshi," kuma ko ɗan wane ne kai ba ka ƙara ko ƙwarya. Ni kuwa na yi karatu, na tafi teku, na yi ta hawa har na zama babban hafsa, wato mai bi wa kyaftin, a jiragen da ke ɗaukar kaya iri-iri: rodi, siminti, bututu, katako, injinan noma, duk a ciki ɗaya. Tsayawar da jirginmu yake yi a tashar Yanbu ce ta ba ni damar zuwa ziyara Madina, a nan kuwa aka haɗa ni da mamarku Zainabu, 'yar Hajja Kaltume. Kakannin Hajja da ƙafa suka tako daga ƙasar Haɗeja ta hanyar Sudan, suka yi hajji, suka ce su kam sun iso. Aka ɗaura aure a kan za ta zauna gidan uwarta, tunda ni gidana yawo yake a kan ruwa. Haka muka yi shekaru, in zo ɗan hutu, in ci tamis da ful, gurasa da waken mutanen nan, in ɗauki jakata in koma.

A wani zuwa da na yi, na shigo na tarar da Maryam, wadda ita ce auta a lokacin, tana wasa a gindin matakala. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ruga ciki tana kira:

"Ummi, Ummi, wani Ammu ya zo!"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma kun fi ni sanin Ammu shi ne kiran da yaran Madina suke yi wa kowane babban namiji, har wanda ba su taɓa gani ba. Ashe 'yata ba ta san ni ba. Mahaifina ma ina tsakiyar teku ya rasu, sai da muka isa gaɓa aka faɗa mini, an daɗe da watsewa daga zaman makoki. Na koma jirgi da kalmar nan a kunnena, ƙarar inji duk da ƙarfinta ba ta fitar da ita ba.

Ba a daɗe ba Turawa suka kafa dokar hayaƙi. Suka ce duk babban jirgin da ke shiga tashoshinsu sai ya kawo bayanin man da ya ƙona, da nisan da ya yi, da nauyin da ya ɗauka, don a san wanda ke turnuƙe sama a banza da wanda hayaƙinsa ya yi aiki. Jirgin mai ko na hatsi ba wuya, kaya iri ɗaya ne. Namu kuwa yau rodi, gobe bututu mai cika waje ba nauyi, jibi duka biyun. Sai aka tsaya a kan abin da 'yan jirgi ke kira dedwet, wanda in ka juya shi Hausa yadda yake, mataccen nauyi ke nan. Kamfani yana neman wanda ya san aikin, ya zauna a tudu yana haɗa lissafin jiragensa duka. A daidai lokacin kuma aka ce layina ya zo na zama kyaftin, abin da nake mafarki tun ina wankin benen jirgi. Aka ajiye mini biyun aka ce in zaɓa. Na tambaya ko aikin lissafin zai yiwu daga Madina, in riƙa leƙa Yanbu jefi-jefi. Suka ce zai yiwu, amma in ba su amsa kafin jirgi ya gama sauke kaya ya tashi, don in na ƙi, hular kyaftin tana jirana a ciki.

Kafin mu iso Yanbu na buga wa mamarku waya daga teku, layin yana ta ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Ku kun san Hausar mamarku, ta gaisuwa ce da girki da faɗa, da zance ya yi zurfi sai ta tsallaka Larabci.

"Zainabu, zan dawo gida in zauna. Na samu aikin lissafin mataccen nauyi."

"Lissafin esh?"

"Mataccen nauyi!"

Layi ya yanke. Ni ina can ina murna na ba matata albishir, ita kuwa ta ajiye waya, ta shiga ɗakin Hajja ta ce mijinta ya bar kyaftin zai dawo Madina ya riƙa awon nauyin matattu.

Ranar da na taho, motarmu ta wuce Bi'ir Ali masu umra suna ta hawa motocinsu cikin fararen harami, zuciyata fes, ina ta shirya yadda zan koya wa Maryam cewa Baba. Ina sauka a bakin layinmu, Shehu Bukar mai dabino, abokin marigayi kakanku, ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Masha Allah, ya Garba! Ka bar duniya ka kama lahira. Hidimar gawa lada ce babba. Amma ka ji, in tawa ta zo, ka yi mini sassauci, ka san ni da cin kitse."

Yana maganar yana jawo tsumma da ɗaya hannun, ya lulluɓe sikelinsa. Ban gane komai ba. Na dai lura tsofaffin maza suna gaishe ni da girmamawa, mata kuwa da sun hango ni sai su tsallaka ɗaya gefen titi.

A gida na tarar da sauran. Na cire takalmi, na tsuguna a ƙofar Hajja na gaishe ta ta bayan labule yadda na saba, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, busasshiya. Ina tashi na ji an kunna turaren wuta a inda na tsuguna. Da aka shimfiɗa abinci, kwanona daban, kofina daban. Sai da muka shiga ɗaki mamarku ta isar mini da saƙo, idonta a ƙasa.

"Ummi ta ce ko dai ka koma ka karɓi kabtancinka, ko ka nemi ɗaki a wani wuri. Ta ce ba za a yi awon bayin Allah a gidanta ba. Mizani ɗaya ne, kuma ba a hannunka yake ba."

Na yi dariya har na riƙe ciki, sannan dariyar ta ɗauke, don na ga ba wasa. Gida na Hajja ne, maganarta ita ce ta ƙarshe. Mamarku ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai ba, ni ma ba zan so ta bari ba. In na kama ɗaki a wata unguwa ina zuwa ina komawa, Ammu ɗin dai zan ci gaba da zama, sai dai na kan tudu. Ga shi kuma Hajja ta riga ta baza wa matan unguwa cewa surukinta zai zama Kabtan. Na yi wa mamarku bayani iya ƙoƙarina, ta saurara, sannan ta ce:

"Tayyib. To in ba matattu a ciki, me ya sa ake ce masa matacce?"

Shekara da shekaru ina faɗin kalmar ban taɓa tambayar kaina ba.

Za ku ce me ya hana in shiga in yi wa Hajja bayani da kaina. Ku 'yan Madina ne, kuna zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon talabijin. Ni a Yawuri aka rene ni, Hajja kuma duk da a nan aka haife ta, surukuntarta ta Haɗeja ce tsantsa, kakanninta sun kawo ta ba ta zube a hanya ba. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa wuce gaisuwa ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba. Duk abin da ke tsakaninmu sai ya bi ta bakin mamarku. Don haka washegari na sake aika ta, na ce ta gaya wa Hajja dalilin awon, na tsaya a matakala ina saurare.

"Ummi, ya ce ba don komai suke awon ba, don a san yawan hayaƙin da ke fita ne."

Sai na ji carbin Hajja ya faɗi ƙasa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙona su suke yi?"

"Ya ce wai Turawa ne suka ce a yi."

"Ai na sani! Wa zai ce in ba su ba?"

Garin neman gira na kusa rasa ido. Mamarku ta yi ta rantsuwa jirgi ake nufi, Hajja ta ce ai namiji in asirinsa ya tonu sabon zance yake ƙirƙirowa. Can Yanbu kuwa ana ta sauke kaya, kowace rana cikin jirgi yana ƙara zama fanko, manajan kamfani yana bugo mini waya yana tambayar ko in ɗinka kaki.

Mahaifina ne ya cece ni, yana kabarinsa. Na tuna shi tsugune da hannu a bakin kwale-kwale. Bayan la'asar na jawo babban bahon wanki zuwa tsakar gida, daidai ƙofar Hajja, na cika shi da ruwa. Na ɗauko tukunyar da take dafa shinkafar sallah, da gawayi, da kofin mai, da ledar gishiri, da dabinon da na sayo wajen Shehu Bukar, wanda shi ya auna da kansa, ni ina nesa. Na kira mamarku da murya irin wadda nake ba da umarni da ita in ana iska a teku.

"Zainabu, zo in nuna miki aikina, ke kaɗai!"

Na ɗora tukunya a kan ruwa, ta yi ta lilo. Na ja layi da gawayi inda ruwa ya tsaya mata, na ce wannan shi ne jirgi ba komai a cikinsa, nauyinsa an san shi tun ranar da aka ƙera shi. Na sa kofin mai a ciki, na ce ga guzurin inji. Sannan na fara zuba dabino, tukunya tana nutsewa a hankali, ruwan baho yana hawa. Na ce duk abin da ke yawo a kan ruwa, ruwan da ya ture gefe nauyinsu ɗaya da shi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa ake rubuta lambobi a jikin jirgi, gaba da tsakiya da baya, kafin a tashi hafsa ya zagaya ya karanta inda ruwa ya tsaya, daga nan ya san yawan ruwan da jirgi ya ture. Sai na ce amma ruwa ma iri-iri ne, na Yanbu gishirinsa ya fi na bakin kogi, ya fi ƙarfin ɗaga kaya, don haka sai an ɗebo shi a bokiti an gwada kaurinsa. Na juye gishiri a baho, na dama da hannu, na ƙara, na sake ƙarawa, har tukunya ta ɗan ɗago.

Sai murya ta fito daga bayan labule.

"Zainabu, ki ce masa gishirin nan sayensa ake yi."

Wallahi ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba. Ashe tana leƙe. Na ƙara ɗaga murya, na ce to in an san nauyin duka, sai a cire na tukunya, a cire na mai, abin da ya rage shi ne abin da jirgi ya ɗauko, shi ake kai wa Turawa. Hayaƙin kuwa na inji ne, ba na kowa ba. Abin da suke so su sani, gawayin da ka ƙona, abincin gida guda ka dafa da shi ko shayin mutum ɗaya. Jirgin da ya yi tafiya ba kaya ma sifiri ake rubuta masa.

"Ki ce masa ashe almubazzaranci suke bincike," in ji labule. "To ki tambaye shi, dabino ne matacce ko tukunyata?"

Allah ya buɗe mini baki a wannan karon.

"Ki ce wa Hajja, yaro in yana farke a bayan uwarsa yana riƙe ta, yana taimakonta. In ya yi barci ya saki jiki, sai ya fi nauyi. Kayan da ba ya taimakon mai ɗaukarsa, shi Bature yake ce wa matacce."

Labule ya motsa. Hajja ta fito da sandarta, ni kuwa na sunkuyar da kai ina neman inda zan sa idona. Ta zagaya baho, ta duba layin gawayi, ta sa hannu ta ɗebi dabino cike da tafi, ta jefa ɗaya a baki. Tukunya ta ɗan ɗago. Ta tauna a hankali, ta tofar da ƙwallon a hannunta, sannan ta dube ni, ni ɗin nan, ba mamarku ba.

"Kaya ya ragu. Ka rubuta."

Mamarku ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. Hajja ma ta kasa riƙewa, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta lafa ta ce:

"To kabtancin fa, ya waladi? Na riga na gaya wa mata."

"Hajja, kabtan ba ya kwana a gida."

Ta dubi Maryam, wadda ta lallaɓo tana tsoma ƙafa a ruwan gishiri.

"Ɗakin marigayi na sama, a share maka shi. Sunan nan kuwa ba ni da ikon goge shi, ya riga ya bi gari, sai ka riƙe abinka. Amma ka ji sharaɗina. Ranar tawa, kar in ji an ce kana teku."

A tsaye a gefen bahon nan na kira manaja na ce a ba wani hular. Ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini ciwo. Yaron da na koya wa karanta lambobin jikin jirgi shi aka ba, ya aiko mini hotonsa da kaki, na sa masa albarka da baki, zuciyata kuwa sai da ta ɗan yi kwanaki kafin ta bi bakin. Har yau in na je Yanbu iskar teku ta buge ni, sai ƙafafuna su nemi matakalar jirgi. Amma abin da na samu ya fi. Na zauna ɗakin kakanku, kyaftin-kyaftin suna aiko mini da abin da suka karanta a jikin jirgi da kaurin ruwa da ragowar mai, ina haɗawa, ina faɗa da masu karanta gefe ɗaya su ƙiyasta ɗayan. Da hantsi Hajja ta aiko da shayi mai na'ana'a, in na sauko gaishe ta sai ta ce, "Yau gawa nawa ka auna?" in ce jirgi biyu, ta ce Allah ya ji ƙansu. Ni na riƙa kai ku makaranta, ni na riƙa riƙe hannuwanku muna ratsa taron alhazai zuwa Harami. Ban ma san ranar da Maryam ta fara ce mini Baba ba, na dai farga ne tana kirana haka don in sayo mata alewa.

Hajja ta yi shekaru masu yawa bayan wannan, ta ga auren Maryam, ta ɗora 'ya'yan jikoki a cinya. Ta rasu da safe, a kan gadonta, ina zaune a ƙofar ɗakin. Aka yi mata salla a Harami, aka ɗauko ta za a kai Baƙi'a, inda ta yi ta roƙon Allah ya kwantar da ita. Kun san yadda jama'a ke rububin makara a wurin, kowa yana son ya sa kafaɗa, har na fara rasa hanya. Sai na ji muryar Shehu Bukar, ana tura shi a keken guragu, yana ɗaga sanda:

"Ku ba Mai Awon Matattu wuri! Surukarsa ce!"

Mutane suka buɗe. Na sa kafaɗata a gaba, ban ba kowa ba har bakin kabari. Da na dawo gida mamarku ta tare ni a matakala, idanunta jajur, amma bakinta yana son murmushi.

"To, nawa ta yi?"

Na ce mata na cire makara, na cire likkafani, abin da ya rage ba na sikelina ba ne. Hajja ce ta faɗa tun farko, mizani ɗaya ne. Ni dai abin da aka sa ni na yi, da aka neme ni ina gida.

Don haka wanda ya yi cacar bakin nan, gobe bayan la'asar ya sayi dabino mai kyau ya kai wa dattijon, ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce masa eh, shi ne ɗan Mai Awon Matattu.